Yadda Ake Shirya Zaman Bayyana Nasarori a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Wanda ya taɓa halartar taron tsofaffin 'yan ajinsu ya san lokacin da zaure yake yin tsit. An gama gaisawa da rungume-rungume, an tuna da gabza da kwaki da gwale-gwalen manyan aji, an yi dariya har da hawaye, sai mai gabatarwa ya ce kowa ya tashi ya faɗi inda rayuwa ta kai shi. Daga nan ne ake gane ko an shirya taron da kyau ko kuwa haɗuwa kawai aka yi. Idan ba a tsara wannan zama ba, mutum biyar ko shida masu manyan muƙamai ne za su cinye lokacin, sauran su zama 'yan kallo, wasu kuma su sulale kafin a zo kansu, kuma a shekara mai zuwa ba za a sake ganinsu ba. Na riƙe sakatarcin ƙungiyar ajinmu na wasu shekaru, na ga zaman da ya yi armashi, na kuma ga wanda ya raba zumunci. Abin da na fahimta shi ne, bayyana nasara yana yin amfani ne kawai idan an tsara shi ta yadda manomi da tela da malamin firamare za su tsaya a wuri ɗaya da darakta, kuma kowane bayani ya ƙare da abin da wani a cikin zauren zai iya ɗauka ya yi aiki da shi.

Mataki na farko shi ne a san ko taron na wa ne. Akwai babbar ƙungiyar makaranta wadda ta haɗa dukan waɗanda suka taɓa karatu a cikinta, akwai kuma ƙaramar ƙungiyar 'yan shekara ɗaya. Misalin ta farko ita ce BOBA, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa, makarantar da aka kafa a Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad. Haka nan RUMFOBA ta Kwalejin Rumfa a Kano. A taron irin waɗannan manyan ƙungiyoyi jawabin shugabanni da karrama fitattu ne suke cika rana, domin mahalarta sun yi yawa kuma tazarar shekaru tsakaninsu tana da faɗi. Zaman da nake bayani a kai ya fi dacewa da 'yan aji ɗaya, waɗanda suka kwana a ɗaki ɗaya, suka yi yankan ciyawa da langalanga tare, suka kuma san laƙabin juna. Idan makarantarku tana da uwar ƙungiya, a sanar da ita tun da wuri don kada ranarku ta ci karo da nata taron.

Mataki na biyu, a kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar ko bakwai, kuma a kula da wanda za a saka a ciki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika kwamitin da masu hannu da shuni saboda ana sa ran su ne za su biya kuɗin ɗakin taro. Waɗannan a nemi gudummawarsu, amma aikin yana buƙatar mutumin da yake da lokaci, wanda kowa yake ɗaukar wayarsa, wanda kuma ba ya jin nauyin zuwa kasuwa ko tasha ya nemo wanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Idan makarantar ta maza da mata ce, lallai a sami aƙalla mata biyu a kwamitin, domin su ne za su iya tuntuɓar matan aure ta hanyar da ba za ta jawo musu matsala a gidajensu ba. Idan akwai Kiristoci a ajin, a saka ɗaya daga cikinsu, don a tsara addu'ar buɗewa da ta rufewa da kuma ranar taro ba tare da an manta da kowa ba.

Mataki na uku shi ne nemo mutane, kuma a nan ne aikin yake da wahala. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, wato ya ishi kowane aji, amma waɗanda suke cikinsa ba su ne dukan ajin ba. Yawanci waɗanda rayuwa ta yi wa sauƙi ne suke fara shiga, waɗanda suke ganin ba su da abin nunawa kuwa sukan ɓuya da gangan. A nemi jerin sunayen ajin daga ofishin makaranta, ko daga takardar sakamakon jarrabawar WAEC ta shekararku idan tana nan, sannan a raba sunayen bisa ga garuruwa ko gidajen kwana, a bai wa kowane ɗan kwamiti kasonsa. Zumunci a ƙafa yake, don haka wanda aka san yana gari amma ba ya amsa saƙo, a je masa har inda yake. A lokacin wannan bincike ne za a tattara sunayen waɗanda suka rasu, da inda iyalansu suke, da yawan 'ya'yan da suka bari, domin za a buƙaci wannan daga baya.

Mataki na huɗu shi ne zuciyar shirin, kuma a kansa zan fi tsayawa. Kada a bari mutum ya zo ya tsaya gaban lasifika ba tare da ya san abin da ake so ya faɗa ba, domin wanda bai shirya ba ɗayan biyu yake yi: ko ya karanto tarihin muƙamansa tun daga bautar ƙasa har zuwa yau, ko kuma kunya ta kama shi ya ce "alhamdu lillahi, muna nan muna fama" ya zauna. Wata ɗaya kafin taro a aika wa kowa da tambayoyi uku. Ta farko: wane abu ɗaya ka yi tun rabuwarmu wanda idan ka tuna shi kake jin daɗi a ranka? Ta biyu: wane aiki ne yake hannunka yanzu wanda ba ka kammala ba? Ta uku: me za ka iya yi wa ɗan ajinmu ko ɗansa, kuma me kake so a taimaka maka da shi? A lura cewa babu tambayar muƙami ko matakin albashi ko yawan gidaje. Yadda aka yi tambaya shi ne yake zaɓar irin amsar da za a samu. Idan aka ce "me ka zama", to farfesa da kwamishina ne kaɗai suke da amsa. Idan aka ce "me ka yi", sai a ji wanda ya yaye yara goma sha biyu a shagon walda, da wadda ta koma makaranta bayan haihuwa shida ta zama ungozoma, da wanda ya haddace Alƙur'ani yana da shekara arba'in, da wanda ya mayar da gonar gado ta noman rani har yana ɗaukar ma'aikata.

Ana iya tattara amsoshin da fom na Google, amma a bar ƙofa a buɗe ga mai son ya aiko da saƙon murya ko ya faɗa wa ɗan kwamiti baki da baki, domin ba kowa ne yake jin daɗin rubutu ba, kuma wasu sun fi sakin jiki da Hausa fiye da Turanci. Sakatare ya taƙaita kowace amsa cikin layi huɗu ko biyar, ya mayar wa mai ita ya duba ya amince kafin a saka ta a ko'ina.

Akwai wani abu a al'adarmu da ya kamata kwamiti ya fuskanta kai tsaye. An rene mu da cewa yabon kai jahilci ne, muna kuma tsoron riya da hassada da kambun baka, shi ya sa mutanen da suka fi yin abin kirki su ne sau da yawa suke ƙin magana. A gefe guda kuma, ayar ƙarshe ta Suratud Duha ta yi umarni da a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Hanyar da na ga ta fi warware wannan ita ce a haɗa mutane biyu-biyu, kowa ya gabatar da ɗan'uwansa. Mutum ya fi iya faɗin alherin abokinsa fiye da nasa, mai sauraro kuma ya fi karɓar yabo daga bakin wani. Sai dai a yi haɗin da hikima: kada a haɗa aminai da suke tare kullum, a haɗa likita da mai sayar da hatsi a Dawanau, a haɗa lauya da malamar islamiyya, a ba su mako biyu su yi waya ko su ziyarci juna. Sau da yawa wannan hira ta kafin taro takan fi taron kansa amfani. Wanda ya ce shi sam ba ya son a ambace shi, a girmama ra'ayinsa, a gabatar da sunansa da garin da yake zaune kawai.

Mataki na biyar, rana da wuri da kuɗi. Yawancin ajujuwa sukan zaɓi kwana biyu ko uku bayan sallah, lokacin da mazauna Abuja da Legas da Fatakwal suke gida, ko kuma hutun ƙarshen Disamba. A birane masu hawan sallah a kauce wa ranakun hawa. A Kano, alal misali, washegarin sallah ranar Hawan Daushe ce, kuma a shekarun da aka yi hawan, zirga-zirga a cikin birni takan yi wuya. A guji tsakiyar damina idan a rumfa za a zauna. Ni dai ina ganin babu wurin da ya kai harabar makarantar kanta, ko da ɗakin taronta ya tsufa, domin a nan ne kowa yake komawa yaron da yake a da, kuma a nan ne idanu za su ga rufin da ya yaye da famfon da ya ƙafe. Otal mai tsada yana korar wanda yake tunanin kayan da zai saka. Game da kuɗi, a sanya karo-karo kaɗan wanda mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya, mai hali ya ƙara a asirce ta hannun ma'aji, kuma kada a karanta sunayen masu bayarwa da adadin abin da suka bayar a zaure. Idan za a yi anko, a zaɓi yadi mai sauƙi, a kuma saya wa waɗanda aka san ba za su iya ba ba tare da an yi shela ba.

Mataki na shida shi ne lissafin lokaci, kuma lissafi ne na gaske. Mutum arba'in, kowa minti uku, awa biyu ke nan cif, ban da tashi da zama da tafi da gyaran lasifika, waɗanda za su ƙara aƙalla rabin awa. Idan an fara da ƙarfe goma na safe, za a iya gamawa kafin azahar, a yi salla, a ci abinci, sannan a dawo don tattauna aikin haɗin gwiwa kafin la'asar. Idan mahalarta sun haura sittin, a raba su rukuni-rukuni bisa ga fanni, kamar lafiya, ilimi, noma da kiwo, kasuwanci, sana'ar hannu da aikin gwamnati, kowane rukuni ya zauna daban na awa ɗaya, sannan ya wakilta mutum ɗaya ya kawo wa zaure taƙaitaccen bayani. Waɗanda suke ƙasashen waje za su iya shiga ta Zoom, amma a tuna da bambancin agogo: Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu, Malesiya da awa bakwai, Ingila kuwa tana daidai da mu a lokacin zafinsu, tana bayanmu da awa ɗaya a lokacin sanyi. Ya fi aminci su aiko da bidiyon minti biyu tun kafin ranar, a haska shi da majigi, domin intanet yakan yanke a daidai lokacin da ake buƙatarsa. A tanadi janareta da mai, a kuma gwada lasifika tun daren jajibiri.

Mataki na bakwai, ƙa'idojin zaure, waɗanda ya kamata a aika da su a rubuce tun kafin ranar don kada wani ya ga kamar shi aka nufa. Jerin masu magana ya bi haruffan suna, ko lambar shiga makaranta, ko ƙuri'a, amma ba girman muƙami ba. Babban teburi na tsofaffin malamai ne da shugaban makaranta na yanzu. 'Yan aji duka su zauna a kujeru iri ɗaya. Malamai a kira su Malam ko Baba kamar yadda aka saba, wanda aka naɗa masa rawani kuma a ba sarautarsa haƙƙinta a gaisuwa, amma tsakanin 'yan aji a koma ga sunan da aka san juna da shi, matuƙar laƙabin ba na cin fuska ba ne. Mai gabatarwa ya zama mutum mai barkwanci wanda ba a jin haushinsa, a ba shi ƙararrawa irin ta makaranta, ya kaɗa wa kowa idan mintinsa uku ya cika, kuma ya fara gwada ta a kan mafi girman muƙami a zauren, domin idan aka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, ƙa'idar ta mutu. Na taɓa ganin zaman da aka bar wani babba ya yi minti ashirin da biyar saboda shi ya biya kuɗin abinci. Mutum goma sha ɗaya ba su sami magana ba, kuma rabinsu ba su sake zuwa ba.

Abu biyu a hana su gaba ɗaya. Na farko yaƙin neman zaɓe: ɗan siyasa yana da damar faɗin rijiyar da ya haƙa ko dokar da ya gabatar, amma ba raba fosta ko sukar wata jam'iyya ba. Na biyu tallan zuba jari mai alkawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci. Waɗanda suka ga yadda shirin zuba jari na MMM ya rufe asusun mutane a Disambar 2016 sun san cewa irin wannan harka ta hannun aboki da ɗan'uwa take shiga gida. Wanda yake neman abokin kasuwanci ya faɗi abin da yake yi a fili, duk mai sha'awa ya same shi daga baya, kuma a bayyana cewa ƙungiya ba ta tsaya wa kowa ba. Haka nan hotuna da bidiyo: kada a saka hoton kowa a Facebook sai da izninsa, musamman matan aure.

Kafin a fara bayanai a karanta sunayen mamata, a yi musu addu'a, a kuma ambaci abu ɗaya na alheri da aka san kowannensu da shi. Idan an gayyaci babban ɗa ko 'yar wani daga cikinsu, a zaunar da shi cikin mutunci, kada a tsayar da shi gaban jama'a ana tara masa kuɗi.

Mataki na takwas shi ne wanda yake mayar da labari ya zama aiki. A naɗa mutum biyu da babban allo ko takarda mai faɗi, ɗaya yana rubuta abin da kowa ya ce zai iya bayarwa, ɗaya yana rubuta abin da kowa yake nema. Kafin a tashi cin abinci za a ga layukan sun fara haɗuwa da kansu: mai gonar shinkafa yana neman mai injin casa, mai shagon ɗinki yana da gurbin yara masu koyo, malamin jami'a zai iya duba takardun yaran da za su cika fom na JAMB, ma'aikaciyar jinya tana son masu ba da jini don asibitin garinsu. A karanta waɗannan haɗe-haɗe da babbar murya, a sa mutanen su yi musayar lamba nan take, sakatare kuma ya rubuta wanda ya ɗauki alkawarin me da kuma ranar da ya ce zai cika.

Bayan azahar sai a zaɓi aiki ɗaya tak wanda ajin zai yi da sunansa. A zagaya makarantar tare da shugabanta tukuna, a tambaye shi da malamai da shugabannin ɗalibai abin da ya fi damunsu, domin tsofaffin ɗalibai sukan so gina ƙofa mai kyau da za a rubuta sunansu a kai alhali yara suna fama da rashin ruwa da banɗaki. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, gyaran ɗakin gwaje-gwaje, kujerun aji, biyan kuɗin NECO ga marayu, ko tallafin karatun 'ya'yan mamatan ajin, duk ayyuka ne da ake iya ƙiyasta kuɗinsu a kuma ga ƙarshensu. Idan makarantar ta gwamnati ce, a rubuta wa ma'aikatar ilimi ko hukumar da take kula da ita kafin a taɓa gini, a kuma yi magana da kwamitin al'umma mai kula da makarantar a kan wanda zai riƙa gyara abin idan ya lalace. Injiniya ko magini na cikin ajin ya yi ƙiyasi, amma kada a ba shi kwangilar sai an gwada farashinsa da na wasu biyu, don a tsare masa mutuncinsa a kuma tsare zumunci.

Da zarar kuɗin aiki ya fara taruwa, kada a bar shi a asusun mutum ɗaya komai amanarsa, domin mutuwa da rashin lafiya ba sa sallama, kuma magada ba su san kuɗin wa ke ciki ba. A yi wa ƙungiya rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar kundin tsarin mulki, da sunayen amintattu, da rahoton zaman da aka zaɓe su, da sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Da takardar rajistar ce banki zai buɗe asusu da sunan ƙungiya, a sa hannun mutum uku, a kuma sharɗanta cewa sai biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. Ma'aji ya riƙa saka bayanin shige da fice a zauren WhatsApp kowane ƙarshen wata, da hoton rasit, ko da ba a tambaye shi ba.

Mataki na ƙarshe yana farawa ne washegarin taro. Cikin mako biyu sakatare ya haɗa taƙaitattun bayanan da kowa ya amince da su, da jerin alkawura, da hoton aji, ya fitar da ɗan ƙaramin kundi wanda za a iya buɗewa a waya, a kuma buga kwafi kaɗan don tsofaffin malamai da ɗakin karatun makaranta, inda ɗaliban yanzu za su ga cewa hanyoyin rayuwa bayan sakandare sun fi likitanci da lauyanci yawa. Waɗanda ba su sami zuwa ba a aika musu da tambayoyin nan uku, a saka amsarsu a kundin. Bayan wata uku a kira duk wanda ya ɗauki alkawari a ji inda aka kwana, a keɓe, ba a zaure ba. Bayan wata shida kwamitin aiki ya kawo rahoto da hotuna. A taron shekara mai zuwa kuma, kafin a ba kowa lasifika, sakatare ya ɗauko takardar nan mai layi biyu ta bara, ya karanta alkawuran ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi waɗanda aka cika da waɗanda suka rage.